Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ke haɗa mana makaɗan biki a Jidda

Zuwa ga Manaja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, masu wannan takarda zabiyoyi ne da makaɗa da masu haɗa sauti da iyayen biki daga cikin Hausawan Jidda da Makka. Ba mu kama sunan kamfaninku ba. Kun san kanku, kuma jama'ar da ke kama zaurukanku da istirahohinku, wato gidajen shaƙatawa masu fili da ake haya don taro, daga waɗanda suka taɓa zama a Sabil da Karantina har masu tasowa daga Misfala da Shari' Mansur, su ma sun san ku.

A takardar farashinku akwai layi guda da ya ce "ƙungiyar kiɗa", da kuɗi a gabansa. Ba a faɗi mutum nawa ba, ba a faɗi abin da za su kaɗa ba, ba a ce maza ne ko mata ba. Uwar amarya ta biya kafin alƙalami, ta yi cinikin biri a sama. Daren biki sai ga mutum ɗaya da fiyano, wanda a nan ake ce wa org, da mawaƙi a gefensa, gangunan kuwa duk suna cikin na'ura. Ba mu raina mai fiyano ba, sana'arsa ce, kuma akwai bikin da shi ya dace da shi. Amma wanda ya biya kuɗin makaɗa, hannu yake so ya gani a kan fata.

Dalilin yana wajen zaffa, wato rakiyar amarya da kiɗa in za ta shigo zaure. Daga ƙofa zuwa kosha, mazaunin amarya a kan dandamali, bai fi mita 20 ko 25 ba a yawancin zaurukanku, amma ba wanda ya san minti nawa amarya za ta yi kafin ta isa. Za ta tsaya wa mai hoto, gwaggo za ta tare ta da turaren wuta, a rangaɗa guɗa, wata ta gyara mata mayafi. Makaɗiya tana kallon ƙafar amarya, in ta tsaya ta sassauta, in ta taka ta ɗaga. Kiɗan da aka naɗa tsawonsa ɗaya ne. Ko ya ƙare amarya tana tsakiyar zaure a yi tsit, ko a mayar da shi farko, ko kuma ƙawaye su riƙa tura ta don ta cim masa. Haka ma wajen liƙi. Kalangu magana yake yi: mai shi yana matse igiyoyin a hammata ya saki, muryar ta hau ta sauka kamar yadda Hausa take hawa da sauka, shi ya sa in maroƙi ya kira wani gida, taken gidan yake fita nan take. Fiyano bai san taken kowa ba.

Sannan biki ba zama ɗaya ba ne, ku kuwa kaya ɗaya kuke tura wa kowane zama. Ɗaurin aure, milka a bakin mutanen nan, ba ya bukatar kiɗa ko kaɗan. Makirufo ɗaya mai kyau ga malami, ɗaya ga waliyyai, shi ke nan.

Ranar lalle, wato gumra, ita ce kuka fi ɓatawa. Taro ne na mata, arba'in zuwa sittin, galibi a ƙaramar istiraha. Abin da ya ishe shi zabiya ɗaya ce, da 'yan amshi biyu ko uku, da masu ƙwarya uku, in an samu mai shantu a ƙara. Babbar ƙwarya a kan ruwa ake kife ta cikin baho, ita ke ba da babbar murya. Sauran a kan bargo ake kife su. Ma'aikatanku kan hana shigo da bahon wai zai jiƙa kafet, in kuma sun yarda sai su shimfiɗa wayar lantarki a gindinsa. Leda a ƙasa, tabarma a kai, waya ta yi nesa da ruwan da aƙalla mita biyu, magana ta ƙare. Ƙwarya a kan tayil tsirara zamewa take yi, sautinta ya yi kaifi, bakinta ya tsage, kuma ba a tsintar irinta a kanti a Jidda, sai an yi saƙo gida. A wannan zama makirufo ɗaya na zabiya ya wadatar. In aka sa wa kowace ƙwarya nata a ɗaki ƙarami, waƙar ce ke nutsewa, alhali don a ji habaici da kirarin dangi aka taru.

Zauren mata a babban dare mata zalla yake so, har da mai riƙe na'urar haɗa sauti. Kun san mata suna tuɓe abaya in sun shiga, namiji ba ya leƙawa. Dabarar da kuke yi, ta ajiye makaɗa maza a wani ɗaki a jawo sautinsu ta waya, ta koma kiɗan da aka naɗa ke nan, tunda ba sa ganin amarya. In lasifika ta fara kuka kuma, sai an jira mata sun rufa kafin yaronku ya shiga, ko a haƙura da kukan har asuba. Ƙungiyoyin mata masu kaɗa tari, wato mandiri, waɗanda ake ce wa tagagat, suna nan a garin, zabiyoyinmu ma suna nan. Abin da babu shi ne mace ɗaya a ma'aikatanku da aka koya wa na'urar. Koyon bai fi na 'yan makonni ba.

Ɓangaren maza, in kiɗan gida ake so, mutum bakwai sun isa zaure mai cin ɗari biyu: kalangu biyu, kuntuku ɗaya, ganga ɗaya, mawaƙi, da 'yan amshi biyu. In gidan ango sun nemi mizmar, wasan sanda na Hijaz da hukumar UNESCO ta sa a jerinta na al'adun gargajiya a 2016, to wannan ba na kan dandamali ba ne. Fili yake so, sahu biyu suna fuskantar juna suna tafi, masu juya sanda a tsakiya. A ware masa tsakar istiraha, kamar mita takwas kowane gefe. A cikin zaure ƙarƙashin fitilun da ke reto, ko dai a fasa fitila ko a fasa wasan.

Akwai tambayar da ba kwa yi, kuma ita ce ta farko. Gidaje da yawa ba sa son komai sai tari, mandiri ke nan a wajenmu, da murya, bisa fatawar malaman da suke bi. Wasu sun yarda da ganga amma ban da mai tsirkiya. Wasu komai ya yi musu. Ba mu zo yanke hukunci a kan wannan ba. Amma in gida biyu suka haɗu, ra'ayinsu ya bambanta, aka saki fiyano ba tare da an tambaya ba, surukai ne ke tashi su fice tun kafin a ci abinci, kuma uwar biki ce ke ɗaukar kunyar. Layi uku a takardar yarjejeniya sun raba wannan gardama.

Sai maganar fata. Jidda bakin teku ce, iskarta da laima. Fatar tari tana shan laimar ta saki, sautin ya mutu. A fili da wuta ake gasa ta, irin wutar da tun asali kuke gani a tsakiyar wasan mizmar. Kun hana gawayi a cikin zaure, kun kuma yi daidai. To ku ba da hita ta lantarki da soket nata a bayan dandamali, minti biyar zuwa goma kafin a fara, da kuma lokacin hutu. Kayan tsirkiya nasu ciwon daban ne. Goge da garaya da ud, molon Larabawa, in aka fito da su daga zafin mota aka shiga sanyin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, saitinsu gocewa yake yi. Suna bukatar kamar minti 45 a cikin zauren kafin a ɗaure su, kuma kada a zaunar da masu su daidai bakin da sanyi ke hurowa. Masu gadinku kuwa ba sa buɗe wa makaɗa ƙofa sai baƙi sun fara shigowa. Ba a fafe gora ranar tafiya. A buɗe musu sa'a biyu kafin lokaci, a gwada sauti tsakanin Magariba da Isha, zaure babu kowa.

Kukan lasifika da kullum kuke ɗora wa mawaƙi, laifin jeri ne. Kuna ajiye manyan lasifikoki a bayan masu waƙa, sautin ya fito ya sake shiga makirufo ya yi ta zagaye. A gaba ake sa su, suna kallon jama'a, sannan a ajiye ƙanana biyu a ƙasa suna kallon makaɗa don su ji kansu. In ba su ji ba, 'yan amshi sukan shigo a makare, mawaƙi ya yi ta ɗaga murya har ta dushe kafin tsakar dare. Na'urarku mai kafa takwas ba ta ɗaukar mutum bakwai da maroƙi da mai sanarwa, sai mai 12 ko 16. Mai kalangu ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana bin mai rawa, don haka ƙaramin makirufo da ake maƙalawa a jikin gangar ya fi na kan sanda. Batir sabo a farkon dare, wani a aljihu. Wutar kayan sauti ta zo ta layinta, kada ta haɗu da na mukayyif da na ɗumama abinci, daga nan gurnanin da ake ji a ƙarƙashin waƙa yake fitowa. Kuma a tsofaffin istirahohi har yanzu akwai soket mai 127 kusa da mai 220, babu alama a kan ko ɗaya. Ku rubuta a jikinsu.

Ƙarar ma ta yi yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idar da ta fitar a 2022 don wuraren taro, ta sa iyaka a desibel 100, ma'aunin ƙarfin sauti ke nan, in aka auna tsakaicin minti 15. Wannan iyaka ce ta sama, ba abin da ake nema a kai ba ne. Ku kuwa kujerun tsofaffi da masu goyo kuke jerawa a gindin lasifika, saboda nan ne gaba. Ko wayar hannu tana iya ba da kimanin awon. A ja kujerun baya, a ɗaga lasifikar sama da kan mutum.

Lokaci: kun rubuta sa'a huɗu, kuna ƙirgawa daga ƙarfe tara. Wa ya taɓa ganin amarya ta sauko ƙarfe tara a Jidda? Sau da yawa sai bayan sha biyun dare. Ke nan lokacin da aka fi bukatar makaɗa shi ne lokacin da yaronku ke zuwa neman kuɗin ƙari a kunnen uwar biki, tana tsaye cikin baƙi. A ƙirga daga bugun farko, a rubuta cewa zaffa tana ciki ko ƙarfe nawa ta kai, a rubuta kuɗin kowace ƙarin sa'a tun farko, da harajin kashi 15 a cikin jimla, ba a bayan biki ba. Makaɗa su yi minti 45 su huta 15, a ba su ruwa da abinci. Kuɗin liƙi nasu ne, kamfani ba shi da kaso a ciki.

Abin da muke nema shi ne ku sauya wancan layi guda kafin bukukuwan hutun makaranta su kankama: sunan kowane abin kiɗa, yawan masu shi, maza ko mata, da abin da za a mayar wa mai biki in an kawo ƙasa da haka. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In kuna son wanda zai zauna da ma'aikatanku a zaure ya nuna musu jerin, a cikinmu akwai masu zuwa ba tare da an biya su ba. In kuma takardar ta ci gaba da fita yadda take, iyayen biki suna riƙe da rasitansu, kuma lambar ƙorafi ta Ma'aikatar Kasuwanci, 1900, ba ta da wuyar haddacewa.

Wassalam.

Daga makaɗa, zabiyoyi, masu haɗa sauti da iyayen biki,
Jidda da Makka.