Zuwa ga Yaya, a kan maganar yaron nan

Assalamu alaikum. Yaya, ina gaisuwa, da fatan Inna da dukan mutanen gida suna lafiya. Ni nan Tamanrasat, ƙasar Aljeriya, lafiya lau, sai ɗan sanyi da dare. Aikin gini ya ɗan tsaya sati biyu amma mun koma, kada ka faɗa wa Inna.

Na aiko jika 60 ta hannun mai motar da ka sani. Jika 40 na yaron ne, maganin farfaɗiyarsa da kuɗin zuwa likita. Goma Inna, goma uwarsa ta riƙe a hannunta saboda dare. Kada a taɓa na yaron, ko buhun hatsi ne.

Wani ɗan Zariya da ya iso shekaranjiya ya ce mini ciwon ya tashi sau huɗu rana guda, kuma wai Gwaggo ta hana a ba shi Gardénal ɗin, maganin da lokotoro ya rubuta masa, ta ce yana sa shi barci, wai ciwon tsuntsu ne, sai hayaƙi. Yaya, a bakin baƙo zan ji wannan? Kullum muka yi waya sai ka ce da sauƙi. Barcin nan lokotoro ya faɗa tun farko, in ya yi yawa shi za a koma wa ya duba. Maganin farfaɗiya ba a yanke shi dare ɗaya, ciwon dawowa yake da ƙarfin da ya fi na da. Rubutu da addu'a ban hana ba, ni ma ina yi. Amma hayaƙi a hancin jinjirin wata bakwai, ban yarda ba. Ka faɗa wa Gwaggo da ladabi, uwa ce, amma ka faɗa mata.

In ya tashi a kwantar da shi ta gefe, a sassauta riga. Kada a cusa cokali a baki, kada a ɗura ruwa ko nono sai ya dawo hayyacinsa. A duba agogo, in ya kai minti 5 bai sake shi ba, ko ya zo da zazzaɓi, a ɗauki adaidaita zuwa babbar likita ko ƙarfe nawa ne, can suna da allurar tsayar da shi, su kuma duba masassarar sauro da sanƙarau. Ka ɗauki bidiyo da salularka ka nuna wa lokotoro, har zaburar nan da uwarsa ta ce yana yi a jere in ya farka. In sun ce sai Yamai don awon ƙwaƙwalwa, ku tafi, zan nemo kuɗin ko bashi ne.

Ni da ban taɓa ɗaukarsa ba sai hoto, ina nan ina ba da umarni. Ku yi haƙuri da ni. Rufin ɗakin da na ce zan yi bana, a bar shi.

Jika 40 ɗin na yaron ne, Yaya. Ka turo mini hoton takardar magani da na kwalin. A gaida uwarsa, ka ce ta ci abinci.

Ƙanenka.