Aikin yanar ido: a tambayi awo kafin a tambayi kuɗi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili domin 'yan uwanmu mazauna Legas, daga Agege zuwa Idi-Araba da Mile 12, waɗanda aka ce wa tsohonsu yana da yanar ido, aka kuma jera musu farashi kala uku ko huɗu aka ce su zaɓa. Ɗa mai son mahaifinsa sai ya ɗauka mafi tsada shi ne mai buɗe ido, ya shiga neman rance. Binciken shekarun nan bai goyi bayan wannan zato ba.

Yana ba fata ba ce da ta lulluɓe ido daga waje, wadda za a kankare. A bayan baƙin ido akwai wani ɗan madubi garai-garai, girmansa kamar ƙwayar wake, zaune cikin siririyar jaka. Tsufa, ciwon suga, bugu, ko yawan ɗiga maganin ido mai siteroyid da ake saya a kemis, su ke sa ya dushe ya koma kamar ruwan koko. Babu maganin ɗigawa da ke narkar da shi. An yi ta yayata wani sinadari mai suna lanosterol a 2015, amma a kan karnuka da zomaye aka gwada shi, kuma bai zama magani ga ɗan Adam ba. Aikin dai shi ne a fitar da madubin da ya dushe, a bar jakarsa, a sa na roba a ciki. Likitan Ingila Harold Ridley ne ya fara haka a Landan a 1949, bayan ya lura cewa ɓarɓashin robar tagar jirgin yaƙi yana zama a idon matuƙa ba tare da idon ya ruɓe ba.

Hanya biyu ake bi a asibitocinmu. Akwai fako, inda ake yin tsaga da ba ta kai milimita 3 ba, na'ura ta farfasa yanar ta zuƙe ta, sannan a tura madubi a naɗe ya buɗe a ciki. Akwai kuma aikin hannu, mai tsagar milimita 6 zuwa 7 a farin ido, wadda ke rufe kanta ba ɗinki. Mutane kan raina na biyun saboda arha. To, a Nepal Dakta Sanduk Ruit da abokan aikinsa sun gwada su kai da kai a kan yanar da ta yi tauri, suka wallafa a 2007 cewa bayan wata shida gani ya zo kusan ɗaya. Ita kuwa lezar da ake talla, wato na'urar da ke yin tsagar da haske mai ƙarfi a maimakon wuƙa, manyan gwaje-gwaje biyu da aka wallafa a 2020, ɗaya a Faransa ɗaya a Birtaniya, sun nuna ba ta fi fako na yau da kullum ba, sai dai a kuɗi.

Inda gizo ke saƙar shi ne awo. Kafin aiki dole a auna abu biyu: tsawon ƙwayar ido daga gaba zuwa baya, wanda ga yawancin manya yake milimita 23 zuwa 24, da kuma lanƙwasar fuskar ido, wato wannan garai-garan da ke kan baƙin. Da su ake lissafa ƙarfin madubin, da ma'aunin da ake kira diyofta. Mutane da yawa na ɗaukar wajen 20 zuwa 22, amma ido kamar kai ne, ba kowa ke sa hula lamba 22 ba. Kuskuren milimita 1 kacal a awon tsawo na iya jawo kuskuren diyofta 2 da rabi ko fiye. Ma'ana, aiki ya yi kyau, ido fes, amma Baba ba ya gane fuskar jikansa daga bakin ƙofa sai da tabarau mai kauri. Kuskuren kan zo ne idan mai awo ya danna kan na'urar a ido da ƙarfi har ya gajarta shi, ko kuma idan ba a yi awon ba sam, aka sa wa kowa madubi lamba ɗaya. Shi ya sa ba ma son maganar nan ta "a bari yana ta nuna". Idan ta nuna, wato ta yi kauri da tauri, na'urar awo mai amfani da haske, wadda ta fi daidai, ba ta iya ratsa ta, aikin ya fi wuya, wani lokacin ma tana tayar da hawan jinin ido. Lokacin aiki shi ne sa'ad da yanar ta fara hana mutum sana'arsa ko karatunsa.

Sai zaɓin madubi. Mai mazauni ɗaya, wato wanda aka saita a kan tazara ɗaya, yana ba da gani na nesa tangaram, sai a haɗa da tabarau na karatu, wajen lamba 2.50, don Alƙur'ani da waya. A ganinmu shi ya dace da mafi yawan mutanenmu. Mai mazauni uku yana raba haske ne gida-gida domin a ga nesa da tsaka-tsaki da kusa ba tabarau, kuma abin da aka raba ya ragu. Da dare fitilun mota kan fito da zobe-zobe kewaye da su. Direban tanka ko tirela da ke tashi daga Apapa cikin dare ya yi tunani sosai kafin ya biya wannan kuɗi. Wanda suga ya taɓa bangon bayan idonsa, ko mai gilakoma, wato hawan jinin ido, bai kamata a sa masa ba.

Akwai wani da ake kira torik, na wanda fuskar idonsa ta karkace. Yana aiki ƙwarai, amma fa sai ya zauna daidai: kowane digiri ɗaya da ya juya yana cin kusan kashi 3 cikin 100 na gyaran, a digiri 30 kuwa amfanin ya tafi gaba ɗaya. A 2017 Amurka ta amince da wani madubin da ake daidaita ƙarfinsa da haske makonni bayan aiki. Dabara ce mai kyau, kuma ita kanta shaida ce cewa awo ne babbar matsalar.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne ƙwayar cuta ta shiga cikin ido, domin tana iya makantar da shi a kwana biyu. Rigakafin ba shi da tsada: a wanke ido da aidin mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 kafin a fara, a kuma zuba ɗan maganin kashe ƙwayoyin cuta a cikin idon da an gama. Binciken Turai na 2007 ya nuna wannan zubin ya rage cutar kusan ninki biyar. Asibitocin Aravind na Indiya, da suka duba ayyuka miliyan 2, sun ga ta sauko daga kusan 7 zuwa 2 cikin kowane 10,000. Ba laifi ba ne ɗa ya tambayi likita ko ana yin wannan.

Ga masu mayar da tsoho gida wajen masu huda ido da allura su ture yanar ciki: binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano fiye da kashi 40 cikin 100 na idanun da aka taɓa saboda yana ta wannan hanya aka yi su, kuma kusan uku cikin huɗu nasu makafi ne. Maimakon haka, ga sashen ido a LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, nan Idi-Araba, ga na LASUTH, na jami'ar jihar, a Ikeja.

Kafin ranar aiki a daidaita suga da hawan jini. Dattijon da ya taɓa shan tamsulosin saboda matsalar fitsari ya faɗa wa likita, ko da ya daɗe da dainawa, domin yana saki naman baƙin ido ya riƙa lilo ana cikin aiki. Bayan aiki ban da murza ido, ban da kwalli, kada ruwan alwala ya shiga har sai likita ya yarda, a kuma tambaye shi batun sujada. Ciwo na ƙaruwa, ja na ƙaruwa, gani na raguwa? A koma a ranar, komai cunkoson hanya.

Bayan shekara biyu ko fiye wasu kan ce yanar ta dawo. Ba ta dawowa. Jakar da aka bari ce ta dushe, kuma leza na buɗe ta cikin 'yan mintuna, mutum na zaune a kujera. A karɓi ɗan katin da ke ɗauke da suna da lambar madubin da aka sa, a adana shi, don za a neme shi ranar aikin ɗaya idon.

Wassalam.

Wasu ma'aikatan lafiyar ido,
Legas