A Koya wa Yara Sanin Hadari da Waƙa Tun Damina Ba ta Kankama Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da 'yan uwana malaman ƙananan azuzuwa da kuma iyaye, tunda ga hadari ya fara leƙowa daga gabas.

Shekarata goma sha ɗaya ina koyar da 'yan nazare a wata makaranta a Zariya. Bara, cikin watan Yuni, ana dab da tashi, gari ya yi baƙi ƙirin. Iska ta taso da jar ƙura, kwanon rufin ajinmu ya shiga ƙugi kamar zai bar mu a fili. Da aka kwaɗa tsawar farko, yara talatin da 'yan kai suka ɓarke da kuka. Wata 'yar shekara biyar ta shige cikin hijabina, ta ƙanƙame ni tana rantsuwa ba ita ta ɗauki alli ba. Ashe a gida an ce mata aradu kan ɓarawo da maƙaryaci take faɗawa. Ina cikin lallashinta na ga babu maza uku. Can na hango su sun rungume gindin darbejiyar tsakiyar fili, wai sun fake. Ko takalmi ban tsaya nema ba, na fita na janyo su.

Washegari na yi musu dogon bayani, suka yi ta kallona suna hamma. Ɗan shekara huɗu ba ya riƙe lacca, amma a rera masa tallar rediyo sau biyu, har a banɗaki sai ka ji yana yi. Sai muka ƙirƙiro wasan hadari. Mukan yi da'ira a ƙasa. Murza tafin hannu shi ne iska. Buga yatsa ɗaya a tafi, yayyafi ke nan. Daga nan sai tafi, sai dukan cinya da sauri, ruwa ya tsinke kamar da bakin ƙwarya. Gwangwanin madara da tsakuwa a ciki shi ne ƙanƙara. Ni kuma ina riƙe da tocila da wani guntun tsohon kwano da na nannaɗe bakinsa da tsumma. In na haska tocila sai su fara ƙirge, in na girgiza kwano sai su tsaya. A ranar farko wasu sun firgita da ƙarar. Kafin mako ya zagayo, faɗa ake yi kan wanda zai zama tsawa.

Ƙirgen nan yana da dalili. Walƙiya da tsawa tare suke tashi, sai dai haske kan iso nan take, ƙara kuwa tafiyar kusan mita 340 take yi a daƙiƙa guda. Wato duk daƙiƙa uku tsakaninsu kimanin kilomita ɗaya ne. Masana sun ce in ba ka kai talatin ba ka ji tsawa, to ka shige ɗaki, kada kuma ka fito sai an yi rabin awa da tsawar ƙarshe. Yara ba ruwansu da lissafin mita, don haka na ɗora abin a kan karin gaɗa:

Hadari ya taso, mu je ɗaki,
Gindin bishiya a'a, mu je ɗaki,
Walƙiya ta haska, ƙirga da ni,
Ɗaya, biyu, uku, mu je ɗaki.

Daga baya muka ƙara baiti kan ruwan kwalbati da wayar lantarki da iska ta tsinko. Wankan indararo kam ban hana ba, ni ma na sha yinsa har sai da bulala ta raba mu. Sharaɗin kawai shi ne sai tsawa ta yi shiru.

Wani uba ya zo ya ce shi bai kawo ɗansa makaranta don kiɗa ba. Na ba shi kujera ya ga yadda muke rufe wasan. Muna zama shiru mu karanta "Allahumma sayyiban nafi'an", sannan in tuna musu aya ta 13 a Suratur Ra'ad, inda Allah ya ce tsawa tana tasbihi da gode masa. Bai ce komai ba ya tashi, amma bai cire yaron ba. Yarinyar alli kuwa ta zaro ido ta ce, "Anti, ashe tasbihi take yi?"

Ban ce waƙa za ta tare ambaliya irin ta Maiduguri a Satumbar 2024 ko ta Mokwa a Mayun 2025 ba, wannan aikin hukuma ne. Roƙona ƙarami ne. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, manoma suna amfana. To gidajen rediyonmu na Kaduna da Kano da Katsina su ware ko minti biyu a shirin yara su sa irin wannan waƙa daga Afrilu, malaman Islamiyya su ma su ɗauka. Iyaye kuma don Allah a daina razana yara da aradu a kan alli ko naman miya.

A watan Agusta hadari ya sake ritsa mu a aji. Aka yi walƙiya, sai na ji ajin ya ɗauki ƙirge da kansa. Ɗaya daga cikin 'yan darbejiyar nan ya yi ihu, "Anti, tara!" Biyu sun yi kuka duk da haka, amma ba wanda ya nufi ƙofa. Baitocina dai ba su da wani armashi, ni ba mawaƙiya ba ce. Duk mai waɗanda suka fi su daɗi ya aiko wa jaridar nan, zan kwafa in kai aji.

Wassalam.

Taku,
Wata malamar nazare,
Zariya, Jihar Kaduna.