Zuwa Ga Ɗana, Da Ya Cika Arba'in

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Mu nan Argungu sai godiya. Ruwa ya ci gefen fadama, amma shinkafar ta tsira.

Ƙanwarka ta nuna mini hotonka a waya kana yanka kek, an rubuta 40 a kansa. Mu ba mu tashi da wannan al'ada ba, amma ban ga aibunta ba. Ni dai lissafin shekarunka ba ya ɓace mini. Ranar sunanka rediyo ba ta da zance sai juyin mulkin 27 ga Agusta 1985, shekarar da na kai ka firamare kuma, 1991, aka cire Kebbi daga Sakkwato.

Ka yi ƙoƙari, wannan ba na musu. Yaron da ya sha bulala a kan iyo a Matan Fada, wanda ya yi shekara 3 yana yawo da takardu bayan bautar ƙasa, yau shi ne a mataki na 14 a aikin gwamnati, in ya shiga ofis a miƙe masa. Alhamdu lillahi.

To, amma wata biyu ke nan ba na barcin kirki. Gwaggonka ta dawo daga Abuja bakinta bai rufu ba a kan benen da kake ginawa. Ban gama da wannan ba sai ga wayarka, wai ka ware kujerar Makka uku, ni da mahaifiyarka da matarka. Kujera ɗaya a hajjin 2025 ta haura naira miliyan 8. Shekara 35 na yi ina aikin gwamnati, na san inda albashi yake tsayawa. Na ɗauki biro na buga lissafin nan sau uku, bai fita ba. A masallaci ana ce mini "Malam, ka haifu", ni kuwa cikina sai ɗurar ruwa yake, musamman da na ji an mayar da kai teburin da takardun kwangila ke bi.

Daga ina kuɗin nan? Kada ka ce mini "harkoki", kada ka ce "alheri ne aka yi mana". Na san alherin. Ni ma an kawo mini shi a ambulan har cikin zauren nan.

Na sani kuna ganin wauta na yi. Shekarar da na sayar da Vespa don kuɗin rajistarka a jami'a, mahaifiyarka ta yi mako ba ta yi mini magana ba, har gobe kuma tana yi mini gori. Abokan aikina sun yi gidaje a Birnin Kebbi, ni na dawo ɗakin ƙasa. Amma ba a taɓa yi mini sallama da dare gabana ya faɗi ba. Kai fa?

Buɗe Suratul Ahƙaf, aya ta 15, ka ga abin da ake so ɗan arba'in ya roƙa: godiya, aikin da Allah zai yarda da shi, da gyaruwar zuriya. 'Ya'yanka huɗu suna cin abin da ka kawo, ba su san komai ba. Wallahi ba zan tsaya a Arfa da kuɗin da ban san asalinsu ba, ko da zan mutu ban je ba.

Wataƙila na zalunce ka. Wataƙila akwai wata sana'a da ba ka gaya mini ba, dama tun kana ƙarami kai mai zurfin ciki ne. In haka ne ka yafe wa tsoho. In ba haka ba ne, har yanzu rana ba ta faɗi ba, a dakatar da ginin, gonar fadama tana nan.

Ka zo ƙarshen wata, mu zauna a zaure mu biyu. Ka taho da yara, kakarsu ta ajiye musu busasshen kifi. Maganin hawan jinina ya kusa ƙarewa, ka sayo mini, amma daga cikin albashinka.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka