Cinikin inshorar ran tsofaffin Amurka ya shigo gidanmu

Assalamu alaikum. Edita, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani ciniki da ya shigo mana Garwa a ɓoye, ya taɓa dukiyar gidanmu, kuma ga shi masu tallarsa sun sake dawowa suna zagaya rumfunan kasuwa.

Ni tsohon akawu ne. Shekara 31 na yi ina riƙe littafin kuɗi kafin in yi ritaya, yanzu kuma ni ke rubuta wa 'yan adashin unguwarmu zubi da kwasa. Duk wanda aka kawo wa takarda mai lambobi, zaurena yake nufa. Ƙanena kuwa, uwa ɗaya uba ɗaya, bai nufo ni ba sai da ruwa ya kai masa wuya.

Shekara biyar ke nan wani mutum ya zo daga Duwala, mai tsabta, mai ladabi, yana jin Hausa da Fulatanci da Faransanci. Ya zauna a shagon ƙanena, ya buɗe masa wani jadawali a waya. Babu suna ko ɗaya a ciki, sai lambobi: namiji, shekara 84, ciwon zuciya da ciwon sukari, saura wata 36. Ya ce wannan tsoho yana Amurka, yana da inshorar rai, ya sayar da ita, an kuma kasa ta kashi-kashi. Wanda ya ba da sefa miliyan 3 zai karɓi miliyan 5 ranar da tsohon ya cika. Maganar da ta kama ƙanena ita ce wannan: “Alhaji, wannan harka ba ruwanta da farashin auduga, ba ruwanta da damina, ba ruwanta da faɗuwar naira. Mutuwa dai dole ce.” Ranar Lahadin da ta biyo ya kai shanu kasuwar Pitowa.

Zan yi wa cinikin adalci, domin ba ƙarya ba ne daga tushe. Turawa suna ce masa laif setilmen, kuma a Amurka doka ta san da shi. Tsoho ya yi shekaru yana zuba kuɗin inshora don iyalinsa su samu wani abu bayan ransa. 'Ya'ya sun girma, ko zubin ya fi ƙarfinsa, ko yana bukatar kuɗin jinya. In ya mayar wa kamfani takardar, ɗan abin da za a ba shi kaɗan ne. Sai wani ya zo ya ba shi fiye da haka, ya karɓi takardar, ya ci gaba da zubi, ya zama shi ne zai karɓi kuɗin bayan mutuwa. Tun 1911 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa takardar inshorar rai dukiya ce da mai ita zai iya sayarwa, a shari'ar wani likita mai suna Grigsby, wanda ya sayi ta wani majinyaci a kan dala 100 lokacin da mutumin ke neman kuɗin tiyata. Yawancin jihohin ƙasar suna da dokokin da ke tsara harkar, kuma tsohon da ya sayar sau da yawa ya amfana. Amma kasancewar ana sayar da shanu a Pitowa ba ta tabbatar da cewa wanda ya tare ka a hanya da igiya a hannu yana da saniya ba.

Abin da ƙanena bai gane ba, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa, shi ne cewa kuɗinsa duka a kan lambar nan ta wata 36 ya ɗora su. Ribar gaba ɗaya a kanta take rataye. Miliyan 3 da ya bayar sun ƙunshi zubin shekara uku kawai. A shafi na huɗu na yarjejeniyar, da Turancin Ingilishi da ƙananan baƙaƙe, an rubuta cewa in tsohon ya wuce wa'adin, kowane mai kaso zai riƙa biyan nasa rabon na zubi, in kuwa ya kasa, kasonsa ya tafi. Nasa rabon sefa 300,000 ne a shekara. Na ɗauki biro na yi masa lissafin a bayan ambulan. In tsohon ya yi shekara takwas, ka ba da miliyan 4 da rabi ka karɓi 5, wato ribar 500,000 a shekara takwas, abin da bijimi biyu na kiwo za su ba ka kafin Sallah biyu. In ya yi goma, ka ba da miliyan 5 da 100,000, ka shiga asara. Wannan ma in zubin bai ƙaru ba ke nan, alhali a irin waɗannan takardu kuɗin yakan hau yayin da mutum ke ƙara tsufa. Tsohon yanzu yana da shekara 89, ƙanena ya yi zubi biyu, na uku yana tafe.

To wa ya rubuta wata 36 ɗin? Wannan ita ce tambayar da ta kamata a fara yi, kuma tarihin harkar ya nuna a nan ake yanka mutane. Mai sayarwa yana da amfani a gajarta kwanan tsoho a takarda, don gajeren kwana shi ke sa riba ta yi kyau a ido. A shekarun 1980 da farkon 1990 masu cutar ƙanjamau ne aka fi sayen takardunsu a Amurka, ana ganin kwanansu ya ƙare. A 1996 sababbin magunguna suka fito, waɗanda aka ɗiba wa shekara biyu suka yi ta rayuwa, alhamdu lillahi, masu zuba jari kuma suka yi ta zubi babu ranar kwasa. A 2004 hukumar kula da hannun jari ta Amurka ta rufe kamfanin Mutual Benefits na jihar Fulorida, wanda ya tara fiye da dala biliyan 1 daga mutane kusan 29,000 a ƙasashe dabam-dabam. An gano cewa mai kamfanin ne ke faɗin adadin watannin, likita ya sa hannu, ana kuma ɗibar kuɗin sababbin shiga a biya zubin tsofaffin takardu. An ɗaure jagoran shekara 20 a 2014. Akwai kuma Life Partners na jihar Teksas, mai sayar da kashi-kashi irin wanda aka sayar wa ƙanena. Likita ɗaya tal ke yi masa ƙiyasi, a 2010 jaridar Wall Street Journal ta bincika ta ga akasarin mutanen sun wuce kwanakin da aka ɗiba musu, a 2015 kamfanin ya durƙushe. A Ingila kuwa, tun 2011 hukumar kula da harkokin kuɗi ta kira irin wannan jari guba, ta ce bai dace a tallata wa talakan mai ajiya ba. Waɗannan fa mutane ne masu lauyoyi da kotuna a kusa da su.

Ko da an yi ƙiyasin da gaskiya, ƙiyasi ne a kan taro. Manyan kamfanonin da ke cin riba a harkar suna sayen ɗaruruwan takardu, wani ya riga wa'adi, wani ya wuce, lissafi ya daidaita. Mai kaso a takarda ɗaya ba shi da wannan rumfa. Babu wanda ya san gawar fari, balle a ce mutum ɗaya a wata ƙasa zai cika a watan da aka rubuta masa.

Sai kuma nisan da ke tsakaninmu da dukiyar. Na karanta takardun ƙanena daga farko har ƙarshe, sunansa bai fito a matsayin mai takardar inshorar ba, bai fito a matsayin wanda za a biya ba. Abin da ke hannunsa alkawari ne daga wani kamfani da aka yi wa rajista a wani tsibiri, cewa in an biya shi zai biya ƙanena. Ba a faɗi inda aka ajiye kuɗin zubi ba, ba a faɗi abin da zai faru in sauran masu kaso suka kasa biyan nasu ba, alhali in zubi ya tsaya takardar ta mutu, kuma da ita duk abin da aka zuba. Ba a faɗi shekarar da aka yanki inshorar ba, ga shi a Amurka kamfani yana da damar ƙalubalantar takarda a shekara biyun farko, kuma kotuna sun sha soke wadda aka yanka tun asali don a sayar wa baƙo. Da ya nemi a mayar masa da kuɗinsa ko da da ragi, aka ce sai ya samo wanda zai saya. Wa zai saya a Garwa?

A ƙasashenmu shida masu amfani da sefar tsakiyar Afirka, duk mai kiran jama'a su zuba jari sai ya sami izinin COSUMAF, hukumar kula da kasuwar hannun jari da ke Libirbil. Na sa ƙanena ya tambayi mutumin lambar izininsa, amsar da ya bayar ita ce harkar ta ƙasa da ƙasa ce, ba ta bukatar wannan. Dokar inshora ta CIMA da ke kare mu a Kamaru da Cadi ba ta da iko a kan kamfanin Amurka. Kuɗin da ake jira ma da dala ne, sefarmu kuwa da yuro aka ɗaure ta, 655.957 kowace yuro, saboda haka miliyan 5 ɗin ba lalle ta zo a miliyan 5 ba. Ba mu daɗe da ganin abin da ya sami masu zuba kuɗi a MIDA, ƙungiyar da ta tara kuɗin jama'a da alkawarin riba mai yawa har hukuma ta rufe ta, a Yawunde a 2018 ba, amma da zarar an ce Amurka sai mu saki jiki.

Ta fuskar addini ni ba malami ba ne, amma tun a makarantar zaure aka karantar da mu hanin cinikin garari, wato cinikin abin da babu tabbas a kansa, kamar kifi a ruwa, tsuntsu a sama, ɗan tayi a ciki. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke a Jidda a 1985 cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba saboda gararin da ke cikinta, ta halatta ta taimakekeniya. A nan kuma an ƙara da ba da kuɗi don karɓar kuɗi mafi yawa a ranar da babu wanda ya sani. Ina roƙon malamanmu su nemi a fassara musu irin wannan yarjejeniya su karanta, su yi wa jama'a bayani a kan mumbari.

Akwai abin da ya fi asarar kuɗin damuna. Wata Juma'a bayan an sauko, muna zaune a tsakar gida wajen tsohuwarmu, wadda ita ma ta haura tamanin, sai wayar ƙanena ta yi ƙara. Mutumin Duwala ne yana tuna masa zubi. Ƙanena ya juya baya, ya rage murya, amma duk muka ji: “Wai har yanzu yana nan? An ce fa zuciyarsa ta lalace.” Inna ta ajiye carbi ta ce, “Wane ne ba lafiya? Allah ya tashi kafaɗunsa, ya ba shi tsawon rai.” Duk muka ce amin, ban da shi. Ya tsaya da waya a hannu, ya dubi ƙasa, idonsa ya kawo ruwa. Wannan mutum ne da ba a jana'iza a unguwa babu shi, mai kai wa majinyata abinci asibiti da azumi. Da dare ya same ni ya ce, “Yaya, wallahi akwai ranar da na farka ina fatan a kira ni a ce ya mutu. Mutumin da ban san ko sunansa ba.” Ban taɓa jin mai talla ya ambaci wannan ba, kuma duk wanda ya shiga sai ya ɗanɗana shi, ko da takardarsa ta gaskiya ce.

Edita, ina roƙon ka tura wakilinka ya bi sawun masu wannan talla a Garwa da Marwa da Kusiri, ya tambaye su izininsu, da sunan kamfanin inshorar, da sunan waɗanda suka yi ƙiyasin, ya buga amsarsu yadda suka ba da ita. Ni dai na rubuta wa kamfanin da aka ambata a shafin ƙarshe na yarjejeniyar, ina neman su tabbatar ko akwai takardar inshora mai lambar da aka rubuta a yarjejeniyar, da kuma wanda aka rubuta zai karɓi kuɗin. Wa'adin zubi na uku ƙarshen watan gobe ne. Ƙanena ya ware bijimi zai kai Pitowa, na ce ya bar shi a turke sai amsa ta zo.

Naka,
Tsohon akawu,
Unguwar Yelwa, Garwa, Kamaru.