Barka da Kirsimeti daga Gonar Lemu

Zuwa ga Baba da Inna, da Yaya, da dukan mutanen gida,

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Barkanmu da Kirsimeti. Ya sanyi? Ya ƙafar Baba, da sauƙi? Na san yanzu hunturu ya kankama a Sakkwato, hazo ya rufe gari, kowa na jiran rana ta ɗaga kafin ya taɓa ruwa. Jiya da dare idona bai ga komai ba sai tsakar gidanmu: Inna a bakin murhu tun asuba, Auta na kai kwanukan shinkafa gidajen maƙwabtanmu Musulmi, kamar yadda su ma ba su taɓa mantawa da mu ba ran Babbar Sallah. Don Allah a gaishe min da su gida-gida.

Ni ina Rosarno, a kudancin Italiya, muna tsinkar lemu. Sanyin nan ba irin namu ba ne, jiƙaƙƙe ne, da ruwan sama yake zuwa ya shiga ƙashi. Amma lafiyata ƙalau.

Baba, ina roƙo ka tara kowa kafin a karanta abin da ke biye, Yaya kuma ya zauna kusa.

Kuɗin albasar nan da Yaya ya ba ni in kai wa masu kaya, waɗanda na dawo ina kuka na ce an yanke min aljihu a tasha, babu wanda ya yanke min aljihu. Ni na ɓoye su. Da su na bi ta Illela na shiga Konni, da su na biya mota daga Agadas zuwa Libiya. Ina tsaye Yaya ya sayar da babur ɗinsa ya biya mutane, har yana dafa kafaɗata yana cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na ji, na yi shiru.

Kun san kaɗan daga wahalar hanya. A lokacin, saboda dokar da Nijar ta kafa a 2015 kan safarar baƙin haure, direbobi sun koma kauce wa rijiyoyin da aka sani don gudun jami'ai, ƙishirwa ta kusa gamawa da mu. Bayan haka ga teku. Bayan teku ga gonakin tumatir na Foggia, a nan Italiya, inda ba a biyan mutum da yini sai da yawan akwatin da ya cika. Duk wannan jiki ne ke ɗauka, jiki kuwa in ya kwanta yana hutawa. Abin da na sa wa zuciyata shi ne bai san dare ba. Duk ran da Inna ta ce a waya, "Allah ya yi maka albarka, ɗan kirki," sai in kasa cin abinci. Na daina zuwa sujada. Na daina addu'a, don in na buɗe baki sai in ga babur ɗin nan.

A rumfunan da muke kwana akwai wani dattijo ɗan Ghana, tashin zangon Kumasi, yana jin Hausa sosai. Ran Lahadi da yamma yakan tara mu, mu biyar ko shida, a kan akwatunan lemu. Wata rana ruwan sama ya kora ni wurinsu, ba niyya ba. Yana karanta Zabura 32, inda Dawuda ke faɗin yadda ƙasusuwansa suka lalace sa'ad da ya yi shiru bai furta laifinsa ba, da yadda ƙarfinsa ya ƙafe kamar a tsakiyar bazara. Wanda ya tashi a Sakkwato ba sai an fassara masa bazara ba. Na ji kamar wani ya tona asirina. Da aka watse na zauna na gaya masa komai, shi ne mutum na farko da ya ji daga bakina.

Bai yi min faɗa ba, bai kuma ce ba komai ba. Ya buɗe Matiyu 11, daga aya 28, inda Yesu ke kiran dukan waɗanda suka gaji, masu fama da kaya, su zo ya hutar da su. Na san ayar tun ina makarantar Lahadi, har na taɓa haddace ta. Amma ran nan ne na lura da abin da ke biye, maganar karkiya. Baba, ka tuna a ƙauye yadda Kawu ke haɗa ɗan maraƙi da babban sa a garma ɗaya? Babban ne ke jan nauyin, ƙaramin tafiya kawai yake koya a gefensa. Ashe ni duk shekarun nan ni kaɗai nake ja. Muka durƙusa a cikin laka na furta zunubina da sunansa: sata da ƙarya. Daren nan na yi barci har gari ya waye, abin da na manta rabona da shi.

Ba na so in sake yi muku wata ƙarya. Takardar izinin zama ba ta fito ba har yau, rumfarmu na yoyo, wani makon aiki kwana uku ne kawai. Wani lokaci tsoro na dawowa. Sai dai yanzu ina da inda nake kai shi, kuma ba na jin kunyar ɗaga kai in ce Uba.

Dattijon ya tuna min da Zakka na Luka 19, wanda da Yesu ya shiga gidansa bai tsaya ga murna ba, sai da ya yi alkawarin mayar wa mutane haƙƙinsu. Yaya, saƙon da ya shigo hannunka makon jiya ba goron Kirsimeti ba ne, somin biyan bashi ne. Zan ci gaba duk wata har babur ya dawo ƙofar gida. Kuɗi ba za su biya shekarun da ka yi kana tafiya kasuwa a ƙasa ba, na sani. Ka yafe min. In ranka bai sauko ba yanzu, ba zan ga laifinka ba, zan jira. Inna, ke ma ki yafe min hawayen ƙaryar da na sa kika share min da bakin zanenki.

Auta, in Zumuntar Mata sun tashi waƙa a majami'a, ki ɗauko min muryarsu a waya, musamman in Inna ce ta ba da waƙar. A wannan lokaci na shekara agogonmu da naku ɗaya ne, saboda haka zan kira da ƙarfe huɗu, bayan kun taso kun ci abinci. In Yaya ya yarda, a fara ba shi wayar.

Ɗanku,
daga Rosarno