Naman shanu ya fi ƙarfin talaka

Assalamu alaikum Malam Edita, dan Allah a bani fili inyi magana akan tsadar naman shanu, wallahi abin ya kai inda ya kai. Yanzu tsokar da mahauci zai yanka maka ta dubu ɗaya bata cika tafin hannu ba, shi yasa mutane suka koma ganda da ƙashi da kayan ciki, wasu matan ma awara suke soyawa su jefa a miya dan yara su samu abin taunawa. Ko masu tsire sun rage tsinken.

Ni banga laifin mahauta ba. Tunda aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin motar ɗauko shanu daga Maigatari ko Potiskum ya tashi, ga dusa da harawa sunyi tsada, ga ɓarayin shanu sun tarwatsa makiyaya a Zamfara da Katsina, naira kuma ta faɗi gaban sefa, mai sayo shanu daga Nijar dole ya ƙara kuɗi.

Ma'aikatar kiwo da aka kafa a 2024, dan Allah ku fara da tsaron makiyaya da kuma maganar kuɗin da ake karɓa a shingayen hanya.

Naku,
Wani magidanci daga Kano